Bas Ɗin Tanimu Mai Tashi da Turi

Ku da kuka zo koyon gyaran wutar mota da waya a hannu, ina kallon yadda kuke yi. Ku soka ɗan abin nan sikana a ƙarƙashin sitiyari, ku karanta lambar da ta fito, ku ce a sayo sensa sabuwa, shi ke nan wai an gama aiki. Ban ce sikana tana ƙarya ba, ni ma ina da tawa a aljihu. Sai dai ita inda ke wa mota ciwo kawai take nuna maka, ba ta gaya maka abin da ya kawo ciwon. Ku gyara zama a bencin nan in ba ku labarin wata bas da ta kusa mayar da ni manomi.

Ni mutumin Dandamisa ne, sunan da uwata ta sani Garba, nan Makarfi kuwa Garba Riwaya, wato mai gyaran wayoyin mota. A Zariya na koyi aiki wurin wani dattijo, Malam Sale, Allah ya jiƙansa. Shekarata ta farko ba a bar ni na taɓa waya ba, kan batir nake kankarewa da wankin hannun maigida. Kayan aikinsa duka a jakar buhu ɗaya suke: filaya, sukundireba biyu, wuƙar feƙe waya, salatif, sai ƙwan gwaji, wato ƙwan fitilar mota da aka ɗaura wa waya biyu. Inda ya kama, akwai wuta. Inda bai kama ba, babu. In ƙwan ya fashe kuma, Malam Sale ya karta wayar a jikin bodi, tartsatsi ya tashi, ya ce lafiya lau. Motocin lokacin duk masu kabireta ne, suna da haƙuri kamar jakuna, ko ka yi kuskure iyaka fiyus ya tsinke. Shekara bakwai na yi, aka yaye ni, na dawo na kafa rumfa a bayan kasuwar rake.

Sai motoci masu injekta suka fara shigowa. Bambancin ga shi: a kabireta inji da kansa yake zuƙar mai. A injekta kuwa akwai wani ɗan akwati da muke cewa ƙwaƙwalwa, ita ke ba nozul umarni ta buɗe ta fesa mai, ta rufe, sau ba adadi a minti. Ita ƙwaƙwalwar ma jira take wata sensa da ke kusa da filawil ta gaya mata inji yana juyawa. Saƙon da ke tafiya tsakaninsu wuta ce, amma 'yar ƙarama. Mu ba mu san haka ba. Duk motar da ta gagare mu sai mu haɗa baki da makanike, a cire kayan injekta a zuba a kwali, a ɗora kabireta. Mota ta riƙa shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya, mu kuma mu ce mun gyara.

Tanimu mutumin Likoro ne, direban wata bas mai kujera goma sha takwas, yana jigilar mutane da kwandunan tumatir da tattasai tsakanin ƙauyensu da Hunkuyi da Makarfi, wani sa'in har Zariya. Injinsa ya buga, ya sayo ɗan Beljiyam aka ɗora masa. Injin lafiyayye, amma ƙwaƙwalwar da aka haɗo masa ta wani samfurin ce daban. Tunda aka ɗora, bas ɗin nan ba ta taɓa tashi da makulli ba. Ka murɗa, kik ya juya, ya juya, shiru. Amma a tura ta taku goma a saki kuloci, sai ta kama tana gurnani kamar sabuwa.

Ya kusa shekara a haka. Babu gangaren da Tanimu bai sani ba daga Kudan zuwa Ikara. Masallacin da ba shi da gangare a gabansa, ba ya tsayawa salla a can. Kujerar bakin ƙofa kuwa ba a ba tsoho, ƙarti ake zaɓa, don kowa ya san aikin da ke jiransa. An canza masa kik, an canza batir, an canza fulogi da famfon mai. Wata gwaggonsa ma ta kawo ruwan tofi aka yayyafa wa inji. Da duk suka ƙi, aka turo ta rumfata, turi na gaske.

Kwana uku ina bin wayoyi da ƙwan gwaji. Wuta tana zuwa nozul, tana zuwa kwayil, famfo yana aiki. Wayar sensa ce dai ƙwan bai ko ƙyafta ba, ko ana murɗa makulli. Na ce sensa ta mutu, aka sayo wata, labarin bai canza ba. Na ba shi shawarar da muka saba, a ɗora kabireta. Ya ce a'a, shi ƙarancin shan man injin nan ne ke riƙe da gidansa, gara ya ci gaba da neman gangare.

A rana ta huɗu rediyona ta daina magana, na ɗauke ta a babur na kai Ikara wurin Baba Bitrus. Shi mutumin kudancin Kaduna ne, ya zo Ikara tun yana saurayi ya zauna, ya buɗe shagon gyaran rediyo kusa da tasha. Lasifikar cocinsu shi ke gyara ta, ta masallatan unguwar ma wurinsa ake kaiwa. Muka gaisa, ya tambayi gida da yara da gona, ni ma na tambayi nasa, sannan ya buɗe rediyon. Don kada zaman ya yi shiru na kawo masa labarin bas mai tashi da turi, ina ba shi a matsayin abin dariya. Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni wutar da ke fita daga sensar nawa ce. Na ce babu, ai ƙwan bai kama ba.

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Garba, da sikelin buhu kake son auna zoben zinare?"

Ya ɗauko wata tsohuwar mita mai allura, ya rufe shago, ya hau bayan babur ɗina muka taho Makarfi. Ya maƙala mitar a wayar sensa ya ce Tanimu ya murɗa makulli. Allura ta ɗan yi rawa kaɗan, sai ka sa ido za ka gani. Aka tura motar, allura ta ɗaga sosai. Ya yi mana bayani a tsaye: irin wannan sensar da kanta take haifar da wutarta, gwargwadon saurin haƙoran filawil da ke wucewa gabanta. Da kik, inji a hankali yake juyawa, saƙon raɗa ne kawai. Ƙwaƙwalwar asali tana jin raɗar, amma wannan baƙuwar da aka haɗo tana son a yi mata magana da ƙarfin bolt biyar. Turi kuwa yana juya inji da sauri, shi ya sa take ji. Ba abin da ya lalace, ɗaga muryar saƙon kawai ake bukata.

Washegari a shagonsa ya ciro tiransista biyu daga gawar wata rediyo, da 'yan rizista, ya liƙe su da dalma a kan wani guntun allo da bai kai kwalin ashana ba. Ya ba ni na riƙe, ya ce ba a gama ba. Wannan ɗagawa kawai yake yi, saura abin da zai tsare wutar kada ta wuce biyar, kuma babu a shago, sai mako mai zuwa in an kawo masa daga Kano. Ya ce in ajiye tukuna.

To, lokacin kakar tumatir ne. Tanimu yana zuwa mini safe da yamma, ni kuma abu yana aljihuna yana ƙaiƙayi. Na ce ai abin da ya rage kwalliya ce irin ta masu rediyo. Na naɗe shi da salatif, na jawo masa wuta kai tsaye daga batir, na haɗa. Tanimu ya murɗa makulli sau ɗaya, bas ta tashi. Ya kashe ya sake, ta tashi. Ranar har tsire ya saya wa 'yan rumfa. Labari ya zaga, cikin mako guda aka kawo mini wasu motoci biyu masu irin wannan lalurar. Na kwaikwayi allon Baba Bitrus na yi nawa guda biyu, na saka musu. Ikara kuwa ban koma ba, ko rediyona ban je karɓa ba.

Kwana na tara, Tanimu ya yi lodin tumatir ɗin matan Likoro da su kansu, ya hau babban titi zuwa Zariya. Mota tana jin daɗi, ya taka. Abin da ban auna ba shi ne altanetarsa ta tsufa, in inji ya yi gudu takan yi caji fiye da ƙima. Allona kuwa ba shi da mai tsawata masa, duk abin da batir ya ba shi miƙa wa ƙwaƙwalwa yake. Wadda ke son biyar aka ɗura mata kusan ninki uku. Bas ta yi tari sau biyu ta mutu da tsakar rana. Mata da maza suka sauko suka yi abin da suka saba, suka tura, suka tura har suka jiƙe da gumi, wannan karon ko tari ba ta yi ba. Kafin a samu wata motar da za ta kwashe kaya, rana ta gama da tumatir, ruwa yana ɗiga daga kwanduna. Kafin wata ya ƙare sauran motocin biyu ma suka bi ta.

Akwai wani dillalin rake, Haruna Dogo, mai baki kamar reza. Shi ya canza mini suna a teburin mai shayi, daga Garba Riwaya zuwa Garba Ƙona, suna kuwa ya kama. In na ratsa tasha direbobi su kife bonet suna dariya, wai kada in kalli injinsu. Shekarar nan rumfata awaki ne suka fi kowa zuwa. Aikin da nake samu bai wuce hon na babur da fitilar amalanken rake ba. Da damina ta faɗi na kulle akwatin kayan aiki na koma gonarmu a Dandamisa. Bas ɗin Tanimu aka ja ta zuwa Likoro aka ɗora a kan duwatsu, kaji suka samu gida, shi kuma ya koma yaron mota a motar wani, mutum mai 'ya'ya biyar. In mun haɗu yakan tsaya ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, har ya tambayi jikin mahaifiyata, bai taɓa ɗaga maganar ba.

Sai da aka yi noman farko sannan na iya komawa Ikara. Na shirya jin faɗa. Baba Bitrus ya amsa gaisuwata, ya miƙo mini rediyona da ta yi ƙura, ya tambaya ko na zo da wadda ta ƙone. Na ciro ƙwaƙwalwar daga jaka. Ya kwance ta, ya ɗora gilashin ƙara girma, ya nuna mini wani ɗan baƙin tabo da bai kai ƙwayar gero ba. Ya ce nan ce ƙofar da saƙo ke shiga, nan na ɓalla. Na ce ina so ya koya mini. Ya ce tsintsiya tana bayan ƙofa.

Haka na sake zama ɗan koyo ina da shekara arba'in da 'ya'ya huɗu, kwana biyu a mako, sauran ina gona. Na koyi karanta rizista da launukan da ke jikinta. Na koyi riƙe ƙarfen dalma ba tare da na gasa allo ba, bayan na gasa yatsuna sun fi a ƙirga. Na koyi cewa ba a taɓa wayar ƙwaƙwalwa da ƙwan gwaji, balle a karta ta a bodi. Ranar Lahadi shago a rufe yake. Ranar Juma'a kuwa da an yi kiran farko zai zare ƙarfen daga hannuna ya ce in tafi, dalma ba za ta gudu ba.

Abin da ya ce in jira tun farko guda biyu ne, dukansu ba su kai ƙwayar wake ba. Ɗaya mai ƙafa uku ce, ka ba ta sha biyu, ko sha huɗu, ko sha shida, ita biyar za ta fitar. Ɗayar kuma sunanta ba daɗin faɗa a bakin Bahaushe, zina dayod ake ce mata. Ranar da ya fara ambata mini sai da na yi a'uziyya, ya yi dariya har da tari. Ni dai na sa mata suna mai gadi. Aikinta ta tsaya a ƙofa, duk wutar da ta haura iyaka ta karkatar da ita ƙasa. Ana bukatarta ta wajen sensa ma, don sensar da ke raɗa da kik, in mota ta hau titi ihu take yi. Wato aikin kashi biyu ne, a ɗaga ƙaramin saƙo, a kuma danne babba. Ni rabi na yi na tafi cin tsire.

Gwajin sabon allon a tsakar gidansa muka yi shi, da keken ɗinkin matarsa, Mama Rahila. Muka ɗaure faifan sarƙar babur mai haƙora a jikin wilin keken, muka kafa sensa kusa da shi. Ta riƙa takawa, mu muna tsugune muna kallon mita. A hankali, saƙo yana fita da ƙarfin biyar. Da sauri, biyar. Muka haɗa batir biyu don mu kwaikwayi mahaukaciyar altaneta, nan ma bai wuce ba. Muka sa ta maimaita har ta gaji, ta ce ita ɗinkin mutane ke jiranta, in muna so mu sayi namu keken.

Da aka yi girbi na sayar da masara na tafi Kano na samo ƙwaƙwalwa irin wadda ta ƙone. Masu sauran motocin biyu sun riga sun kai nasu wani wuri an ɗora musu kabireta, ba su ko son jin sunana. Na nufi Likoro da sassafe. Na tarar da Tanimu a ƙofar gida tare da yayansa. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Yayan ya ce shi a ganinsa a sayar da ita ga 'yan gwangwan a huta, hannun da ya ƙona sau uku ba a sake ba shi. Tanimu ya juyo wajena.

"Malam Garba, in ta sake ƙonewa fa?"

Na ce wannan karon na auna, amma ba zan rantse masa ba.

"To ai daga kan duwatsun nan ba inda za ta faɗa," in ji shi. "Bismilla, taɓa."

Muka kori kaji, muka kwashe ƙwai huɗu daga kujerar direba. Kwana biyu na yi a can. Na fara da altaneta, na canza mata abin da ke daidaita caji, na auna ta a ƙaramin gudu da babba. Na sake wayar sensa da irin mai rigar ƙarfe, na raba hanyarta da wayoyin fulogi don kada ta kwaso hayaniyarsu. Allon kuma ban naɗe da salatif ba, gidan sabulu na roba na samu na saka shi, na narka kyandir na toshe ramukan saboda ruwa, na ɗaure shi a ƙarƙashin dashbod nesa da zafin inji. Aka hura tayoyi, aka aro batir, aka zuba mai. Ta tashi a murɗawa ta biyu, hayaƙi da gashin kaji suna fita ta salansa. Yayan Tanimu ya ce ai wancan karon ma ta tashi.

Gaskiya ya faɗa, saboda haka muka hau titi babu fasinja. Na zauna a kan murfin inji da mita a cinya, wayoyinta a maƙale. Na ce ya taka. Ya taka har gilasai suna karkarwa, muka wuce daidai inda ta mutu da tumatir, ya waiwayo ya dube ni, na nuna masa allura a inda take. Sau uku muka je muka dawo. A na ƙarshe bai tsaya ba, ya karya kan mota zuwa Makarfi, ranar kuwa kasuwa ke ci.

Gaban 'yan rake fili ne shimfiɗaɗɗe, babu gangare ko na taku ɗaya, ga cunkoso. Nan Tanimu ya tsaya a tsakiyar hanya ya kashe inji. Wata babbar mota a bayanmu ta dinga danna hon. Mutane suka gane bas ɗin, suka gan ni a ciki da wayoyi, aka fara dariya. Haruna Dogo ya taso daga kan damin rakensa yana kiran samari su zo su taimaka, Garba Ƙona ya sake aiki. Har wasu sun naɗe hannun riga sun dafa bayanta. Tanimu ya bari sai da suka gyara tsayuwa, sannan ya murɗa makulli. Ta tashi. Ya kashe, ya leƙa ta taga ya gaisa da wani mai lemo, ya tambayi iyalinsa, ya sake murɗawa, ta tashi. Sai da ya yi haka sau uku, direban babbar motar yana zagin kakanninmu, sannan ya gyara ya ba shi hanya.

Bas ɗin nan ta yi shekara bakwai tana aiki bayan nan, bodinta ne ya ruɓe ya bar injin. Amma ranar dai, ina naɗe wayoyin mita a gefen titi, sai ga Haruna Dogo ya zagayo ta bayan mota inda ba kowa. Ya gaishe ni, har da "Malam". Ya sauke murya ya ce akwai wata 'yar akori-kura tasa da ke wahalar tashi da safe, ko zan ɗan duba masa gobe. Na ce gobe da jibi ina gona, ina da dawa a ƙasa ban ɗaure ba, ya kawo ta gata. Ya ce to ai ba ta tashi, yaya zai kawo ta. Na ce ya nemi samarin nan da ya tara ɗazu, na ga hannun rigarsu a naɗe yake.